Yafewar Jatau Magini

An ruwaito a cikin tsofaffin littattafai, ni kuma a bakin dattawa na tsince ta, cewa a birnin Dargaza an yi wani magini wai shi Jatau. Irin mutanen nan ne da in ka taka su, su za su ba ka haƙuri.

Wata shekara wani attajiri, Madugu Tambai, ya ɗauke shi rufin soro. Jatau ya duba azara, ya ga gara ta cinye cikinta, ya faɗa. Madugu ya ce damina ta kawo jiki, a yi da ita haka nan. Jatau ya hau, azara ta karye, ya faɗo a kan ƙugunsa. Maɗori ya duba, ya ce rai da saura, amma hawan katanga kam an yi sallama.

Bayan kwana uku Madugu ya zo dubiya da goro da ƙwaryar gero, da dattawa biyu a bayansa. Ya ce, "Jatau, ƙaddara ta riga fata. Ka yafe mini."

To, a al'adar garin, wanda ya tako ya zo duba ka ba a watsa masa ƙasa a ido. Ga kunya, ga iyali sun zuba wa ƙwarya ido. Jatau ya ce, "Haba, ba komai, na yafe."

Gero ya ƙare, ba a sake aiko wani ba. Da Jatau ya nemi diyya, sai Madugu ya kawo dattawan nan gaban alƙali, suka shaida ya yafe da bakinsa. Alƙali ya sallami shari'a. Yunwa ta shiga gidan Jatau, tsoro ya kama shi ƙwarai, har ya roƙi maƙwabta suka ɗauke shi a kan ƙyaure zuwa fada.

Sarki ya sa aka kira Madugu, ya saurari kowa, ya ce, "Waziri, ga tsaka mai wuya. In na rushe yafiya, maganar mutum ta zama banza a ƙasata. In na bar ta, gida guda ya mutu. Ina mafita?"

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, an ce a wani ƙauye wani mutum ya shiga yasar rijiyar maƙwabcinsa, mai zurfin gaba talatin. Da ya gama, mai rijiya ya jawo shi har rabi, sai ya tsaya, ya leƙa, ya ce, 'Gonarka da ke jikin tawa, ka ba ni kyauta?' Na cikin rijiya ya ce, 'Na ba ka, har da kukar da ke cikinta!' Mutanen da ke bakin rijiya duk sun ji." Sai Waziri ya juya wajen Madugu. "Madugu, kai ka zaga duniya. Gonar nan ta wa ce?"

Madugu ya yi dariya. "Haba Waziri, wannan ai ba kyauta ba ce. A fito da shi tukuna, sannan a tambaye shi."

Waziri ya ce, "Sarki ya ji."

Nan take Sarki ya sa aka yi shela, cewa duk mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba gero a wani rumbu na fada kowace kaka, daga nan za a ci da wanda aiki ya naƙasa. Ya kuma yanka wa Jatau rabonsa har ƙarshen rayuwarsa. Sannan ya ce, "Jatau, abincin gidanka ya tabbata, ko ka yafe ko ba ka yafe ba. Yanzu faɗi abin da ke ranka."

Kunya ta kama Jatau. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, na gaya masa azarar ba ta da kyau. Ban yafe ba." Ya rufe fuska da hannun riga, ya fashe da kuka.

Madugu ya biya diyya cif, Waziri ya sami alkyabba. Daga nan masu hikima suka ce kada ka nemi yafiya wurin wanda tuwonsa ke hannunka.