Buhunan Sukarin da Suka Ci Gidan 'Yargoggo

An yi wani mutum a nan Kilomita Biyar, a shekarun da sojoji suka yi ta bore a Bangui. Ba zan faɗi sunansa ba, domin 'ya'yansa na raye, wataƙila ma ɗayansu na zaune a sahun nan. Atamfa yake sayarwa a Titin Koudoukou. Yana salla, yana azumi. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya iya ganin sa'ansa ya riga shi.

Yana zaune da iyalinsa a unguwar Kokoro, a gidan da mahaifinsa ya bari. Gidan ƙasa ne mai rufin kwano, da rijiya a tsakar gida wadda marigayin ya haƙa da hannunsa. Mahaifiyarsa, 'Yargoggo, ba ta shan ruwan ko'ina sai na rijiyar nan. Ta sha ce masa, "Ɗan nan, ranar da na mutu, da ruwan babanka za a yi mini wanka."

Sai aka sa wani gidan bulo a kasuwa. Mutuminmu ya gani, ransa ya biya. Yana cikin adashin 'yan atamfa, amma ɗaukarsa ce ta ƙarshe. Uban adashin, Malam Abdulganiyu, ya ce masa, "Ka yi haƙuri, ƙanena, layi zai zo kanka." Shi kuwa ya ce gidan ba zai jira shi ba.

Ya tafi wurin wani ɗan canji, Nasidi, mai fara'a da dogon carbi. Da ya ambaci kuɗin ruwa, Nasidi ya dafe ƙirji. "Subhanallahi! Alhaji, ni ba na ba da bashi da ruwa. Ciniki nake yi."

Ya ja shi bayan kanti, inda aka jibge buhunan sukari. "Ɗora hannunka. Na sayar maka da su bashi." Ya faɗi farashi mai tsada, mutumin ya ce, "Na saya." Nasidi ya ce, "To, yanzu sayar mini da su, kuɗi hannu." Ya faɗi farashi mai araha, mutumin ya ce, "Na sayar." Ko ƙwayar sukari ɗaya ba ta motsa ba. Ya fito da kuɗi kaɗan a aljihu da bashi mai yawa a wuya.

Ya 'yan uwa, wa ake yaudara? Mala'ikun da ke rubutu ba su san sukari ba ne? Wallahi abin na ba ni haushi, mutum ya ci haram, kuma ya naɗa mata rawani.

Nasidi ya nemi jingina. Ya ce takardar sabon gida ba ta fito ba tukuna, sai dai ta gidan Kokoro, kuma kada kowa ya ji, saboda bakin mutane. Mutumin ya je wurin uwarsa, ya ce hukuma ta ce a kai takardun gidaje a buga musu hatimi. Ta buɗe adakarta ta miƙa masa, har da sa masa albarka.

Bai gama fentin sabon gidan ba sojoji suka tayar. Harbi ta ko'ina, shingaye a kan hanya, dokar hana fita. Wa zai sayi atamfa yana neman garin rogon da zai ba yara? Kasuwa ta mutu murus, adashi ya tsaya. Aka sasanta, aka sake ɓarkewa. A karo na biyu 'yan wawaso suka fasa shagonsa, ko ƙyalle ba su bari ba.

Bashin dai bai san an yi bore ba. Duk lokacin da wa'adi ya cika, Nasidi sai ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, Alhaji, mu sabunta ciniki." Su koma bayan kanti, ya ɗora hannu a kan buhunan nan, na saya, na sayar. Sukarin har ya daskare kamar dutse, bashin kuwa na ta kumbura.

Ya sayar da gidan bulon a wulaƙance, domin masu kuɗi gudu suke daga garin. Kuɗin bai rufe ramin ba. Ranar nan murmushin Nasidi ya ƙare. Ya zo Kokoro da ƙarti, takarda a hannunsa.

'Yargoggo na bakin rijiya tana alwala. Ta dubi takardar, ta gane ta, ta dubi ɗanta. Ta ce, "Hatimin ke nan?"

Suka koma ɗakin haya. Tsohuwa ta daina cin abinci sosai, ba ta ga wata damina ba. Da safiyar da ta cika, mutumin ya tuna wasiyyarta. Ya ɗauki bokiti ya nufi gidan ubansa da gudu. Ya tarar an garƙame ƙofa da kwaɗo, wani mai gadi na zaune a kan benci. Ya roƙe shi da Hausa, ya roƙe shi da Sango, ya durƙusa yana kuka, bokiti ɗaya kawai. Mai gadin ya ce shi ba shi da mabuɗi, mai gida kuma ya yi tafiya.

Da ruwan saye aka wanke 'Yargoggo. Ɗanta bai sake zama daidai ba. Dattawan nan sun san shi, sun sha ganinsa yana yawo a Kokoro da bokiti babu komai a ciki, har Allah ya karɓi abinsa.

Ya 'yan uwa, son muhalli ba laifi ba ne. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai cin kuɗin ruwa da mai bayarwa da mai rubutawa da shaidunsu. Mai ba ka rance yana gaggauta ka, ka tsaya. In ya ce kada kowa ya ji, ka je ka gaya wa malami da dattawanka. Ka tambayi mai ba ka rancen nawa za ka mayar gaba ɗaya, kuma me zai faru idan kasuwa ta rufe. In ya amsa maka da murmushi kawai, ɗauki takalminka. Kuma rufin da ke kan uwarka ba naka ba ne da za ka jinginar.

Ya Allah, ka wadata mu da halal ɗinka, ka ba mu haƙurin jiran rabonmu, kada ka sa iyayenmu su zubar da hawaye ta dalilinmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.