Bangon da Sirajo Ya Toshe wa Hanci

Akwai wani mai zanen bango a Jega Magaji, sunansa Sirajo, wanda ko sallama sai ya ga dama yake amsawa. Na san za ku ce halina ne. To ni aƙalla ina da kyau.

Farkon kafa Jihar Kebbi, aka gina wani katafaren masaukin gwamnati a hanyar Maiyama. Rufinsa a shafe, gilasai ko'ina, bangon zauren taro kuwa duk huda-huda kamar rariya. Ƙofar shiga kaɗai aka ba Sirajo ya ƙawata.

Da ya ga hujojin sai ya riƙe baki. "Wanga wane irin gini na? Gidan zanzaro za a yi ma gwamnati?"

Abokinsa Rabi'u birkila ya ce, "Malam Sirajo, bari mai tsara ginin shi dawo ka tambaye shi."

"Ni in tambayi yaron da na girme ma? Allah shi sawwaƙe!"

Ya kwaɓa siminti ya toshe su kaf, ya zana wata ƙatuwar albasar Aliero a kai.

Ranar buɗewa rana ta take, wuta ta ɗauke, ga gilasan ba masu buɗuwa ba ne. Zauren ya zama tanda. Ana cikin jawabi wani dattijo ya sulale ƙasa, aka fita da shi ana yi masa fifita.

Mai tsara ginin ya dubi bango ya dafe kai. "Ta nan iska ke shigowa!"

Wani hafsan soja da ya zo daga Birnin Kebbi ya miƙe, kakinsa sharkaf. "Wa ya yi wannan? Yau a bayan kanta zai kwana."

Sirajo ya fara ja da baya. Saura kaɗan ya kai ƙofa, hafsan ya sunkuya ya karanta abin da ke ƙarƙashin albasar da manyan baƙaƙe: "Aikin Sirajo Jega, Ba Na Biyunka."

"Rankai daɗe, gyara niy yi…"

Hafsan ya sa aka miƙa masa guduma. "Kafin ka tafi, gyara gyaran."

A gaban jama'a ya farfasa albasarsa da hannunsa, kowane bugu iska na shigowa ana cewa "Alhamdulillahi."

Darasi: Abin da ba ka gane ba, tambaya kafin ka kira shi kuskure. Ku tura wa 'yan'uwa, ku da kuke karance min labarai ko sannu ba kwa yi mini.