Tassar Hamdiya da Bidiyon Ɗan Shugaba

Akwai wata matashiya a Ibohamane mai suna Hamdiya. Ita ke rubuta wa ƙungiyar manoman garinsu abin da za a faɗa cikin gajerun bidiyonsu.

Gab da damina aka ce a yi bidiyon minti ɗaya kan tassa, ramukan nan da ake haƙawa a fako a zuba taki don su tare ruwa. Hamdiya ta rubuta nata da Hausar Adar tsantsa. Da an kunna, babanta Tsoho za a fara gani tsaye a gonarsa yana cewa: "Wanga fako, da ko haki bai hita bisanai. Bara damen hatsi arba'in na ɗaure nan."

Sai ga Abdoulkadir, ɗan shugaban ƙungiyar, ya dawo daga Yamai da sabuwar kamara da girman kai. Ya karanta rubutun Hamdiya, ya ja tsaki. Wai wa zai tsaya kallon tsoho mai haƙora uku yana Hausar ƙauye? Ya ce ta mayar da shi Faransanci, a sa kiɗa, a kawo saurayi mai tabarau. In ta ƙi, a cire sunanta daga ƙungiyar.

Wallahi abin ya ƙona mata rai, shekara uku tana wannan aiki. Amma ta dube shi ta ce, "Ku cire. Ba ni taɓa ko kalma guda. Waɗanda munka yi wa shi ba su shiga lakol ba, balle su ji Faransanci."

Aka cire ta. Ta je gona ta ɗauki bidiyon babanta da tsohuwar wayarta ta hannu.

Abdoulkadir ya saki nasa. Kyau kam, ba a magana! Sai dai daga shi har mai tabarau babu wanda ya taɓa haƙa tassa. Suka tara ƙasar ramin ta gefen tudu, suka toshe wa ruwa hanya, alhali kowa ya san ta gefen gangare ake tara ta. Har kasuwar Keita aka yi ta yi musu dariya.

Na Hamdiya kuwa, daga waya zuwa waya sai da ya kai Karofane, manoma na aiko saƙon murya suna tambayar yawan takin da ake zuba wa rami.

Shugaban ya zo da ƙafarsa ya roƙe ta ta dawo. Ta ce za ta dawo, amma sai ɗansa ya haƙa tassa ɗari a gonar babanta. Kwana uku Abdoulkadir yana haƙa, tafin hannu duk ya yi bororo, Tsoho na nuna masa gefen da ake zuba ƙasa.

Darasi: Kada ka bari mai girman kai ya sa ka ji kunyar harshenka da sanin iyayenka. Kafin ka rubuta wa mutane, ka san aikinsu, ka kuma yi musu magana yadda suke ji. Ku tura wa masu yin bidiyo na garinku.