Kurar da Ta Ɗauki Azumi

Ku gyara zama, ga wata magana da nake so ku raba mini gardamarta.

Akwai wata tsohuwa a Gusau, Inna Kande, mai 'ya'ya mata uku: Barira babba, Tasalla mai bi mata, sai Lantana. Duk sun yi aure, babbar har ta yi jikoki. Amma huɗu ne suka rayu wa Inna Kande. Ta huɗun, Azumi, ta rabu da ita tun tana goye.

Yadda abin ya faru, wata damina ciwo ya shiga ƙauyensu. Inna Kande ta kwanta har ba ta san wanda yake kanta ba, nono ya ƙafe. Mijinta ya ba wata mata Azumi yaye, da nufin in uwar ta tashi a dawo da ita. Kafin uwar ta tashi shi ya kwanta, bai kuwa tashi ba. Wanta ya zo ya kwashe ta da yaran zuwa Gusau. Ta yi cigiya iya cigiya, amma waɗanda za su sani ciwon ya tafi da su, sauran sun watse. Daga nan ta daina ambaton yarinyar, 'ya'yan kuma ba su taɓa tayar da zancen a gabanta ba, ko da yake a tsakaninsu sun sha musu a kai.

Da tsufa ya zo, ido ya dushe, sai ta tara su ta ce, "Ba na son in tafi ban san inda Azumi take ba. Kowaccenku ta faɗa mini abin da ta gani ranar nan."

Barira, wadda ta fi wayo a lokacin, ta ce wata doguwar mata ce daga Katsina, 'yar'uwar Baba, ta zo a mota. Ta ce tana tuna hannun matar baƙi wuluk da shuni, har da ta shafa kumatun Azumi sai da ya bar shaida. An riga an bi dangin Baba na Katsina kaf, ba wanda ya san wannan mata, kuma mota ba ta shiga ƙauyen da damina. Barira dai ta ce ta ga mota.

Tasalla ta ce ba wata mata da ta zo. Baba ne ya goya Azumi a keke ya fita da ita. Ta ce ita ce mai rainonta, kuma tana tuna ɗan tsiron da ke gefen hannunta na dama, inda wanzami ya cire mata cindo. Inna Kande ta girgiza kai ta ce, "Kin haɗa ta da ƙaninku da ya rasu yana jariri. Shi ne mai cindo." Tasalla ba ta ja da uwarta ba, amma ba ta janye ba.

Lantana kuwa, wadda ko wanke hannu ba ta iya ba a lokacin, ta ce kura ce ta ɗauki Azumi. Ta ce ta ga idanunta ta kafar danga.

Barira ta ce, "To, Mai Kura ta fara. Da rana tsaka, ana daka a tsakar gida?"

Lantana ta ce, "Yaya, ke da kika ga mota a cikin taɓo ai ba kya yi mini dariya ba."

Inna Kande ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Lantana, ganinta kika yi, ko ji kika yi?" Lantana ta yi tunani ta ce ta dai ji Baba yana gaya wa maƙwabci cewa kura ta tafi da ita, ganin kuwa ba za ta rantse ba. Sai tsohuwa ta ce, "Hannu mai shuni. Ta Kura ya ce, 'yar nan, wato mutuniyar Kura. Kura gari ne, can ake rina baƙin zane."

Su ukun suka tafi Kura. Gari ne babba, ba su da sunan kowa. Barira ce ta bi marina tana kwatanta matar, har wani tsohon marini ya tuna wata mai yawon sayar da baƙin zane ƙauye-ƙauye, wadda shuni ba ya barin hannunta. Ya ce gajeriya ce, ta daɗe da rasuwa, ga gidanta can.

A gidan aka ce marigayiyar ta riƙi 'ya'yan mutane da yawa, amma ba a taɓa yin Azumi a cikinsu ba. Har sun miƙe za su yi sallama, Tasalla ta ce, "Babu wadda aka cire wa yatsa na shida?" Matar gidan ta ce, "Au, Cindo kuke nema? Ai tana bayan masallaci, ga 'yarta ma ta haihu shekaranjiya." Da Cindo ta fito, Tasalla ta kama hannunta na dama, ba komai. Tsiron yana hagu.

Cindo ta ce uwar riƙonta ta sha gaya mata cewa ta koma da ita ƙauyensu bayan kaka, ta tarar da kufai. Ta ce ita dai abin da take tunawa, a jirgin ƙasa aka kawo ta. Babu layin dogo a ƙauyen nan, amma ba wadda ta tanka mata.

Aka kai ta Gusau. Inna Kande ta lalubi hannunta, ta daɗe tana murza wurin, sannan ta ce, "Ashe ke ce mai cindon." Ta yi hamdala, ta ce a zubo mata tuwo, ta kuwa cinye, abin da ta yi watanni ba ta yi ba.

Saura suna. Jaririyar da aka haifa a Kura mace ce, iyayenta kuma suka bar wa Cindo zaɓi. Ta so a sa sunan Inna Kande, tsohuwa ta ce ita ta sami abin da take nema, a ba wadda ta gano Azumi takwara. Nan gardama ta dawo sabuwa.

Lantana ta ga abin da bai faru ba, amma kalmar da ta riƙe ita ta nuna garin. Barira ta ɓata gari, ta ɓata tsawon matar, ta ƙara mota, amma ba don shuninta ba da har yau kura dabba ce, kuma da ba a sami gidan ba. Tasalla ta manta da matar ɗungurungum, ta sauya hannu, amma ta tsaya a kan cindon da uwa da kanta ta musanta, ba don haka ba da sun juyo daga ƙofar gidan.

Jaririya ɗaya ce, ga ranar suna ta matso. To, sunan wace ce a cikinsu ya kamata a raɗa mata?