Rijiyar Inna Tabawa

A wani zamani da ya shuɗe an yi Sarki Barmo, wanda ya yi faɗa da mutanen Tsaunin Baure, garin da aka auro mahaifiyarsa. Cikin fushi ya sa aka yi shela: duk wanda ya shayar da mai jinin Tsaunin Baure ruwa, za a cike rijiyarsa da ƙasa, a kore shi daga gari.

Sau uku Waziri Gwadabe yana faɗuwa gabansa. "Ranka ya daɗe, kasuwa taka ce, ƙofar gari taka ce. Amma ƙishirwa ta girmi sarauta. Abin da aka haifi mutum da shi, shela ba ta ƙwace shi." Sau uku Sarki yana cewa ya gaji da wa'azi. Waziri ya koma gida yana cizon yatsa.

Ba a yi mako ba dogarai suka kawo wata tsohuwa, Inna Tabawa, mai rijiya a bakin hanya. Ta shayar da wani falke na Tsaunin Baure.

"Ba ki ji shela ba?" in ji Sarki.

"Na ji, zaki. Amma a gidanmu sai baƙo ya ajiye ƙwarya ake tambayarsa daga ina."

Waziri ya roƙi a saurari shaidu, ya yi ta jan zance da gangan har rana ta take tsaka. Maƙogwaron Sarki ya bushe, ya ce a kawo ruwa. Babu wanda ya motsa. Ya sake faɗa da tsawa. Shamaki, ɗaya daga cikin fadawa, ya durƙusa ya ce:

"Allah ya ba ka nasara, shela ta ce mai jinin Tsaunin Baure, mahaifiyarka kuwa 'yar can ce. Kowa a nan yana da rijiya a gida."

Sai tsohuwar ta kwance goran ruwan da ke ɗaure a zaninta, ta miƙa wa Sarki. "Sha, ɗan nan. Tawa rijiyar ai an riga an yanke mata hukunci."

Sarki ya daɗe yana kallon goran, sannan ya sha. Kafin la'asar aka soke shelar, aka raka Inna Tabawa gida.

Da aka taya Waziri murna, sai ya girgiza kai. "Sau uku na faɗa masa da baki. Sai da maƙogwaronsa ya faɗa masa ya ji."