Esin da Garzali Ya Kafa a Karkace

An yi wani mutum a wani gari, ba sai na kama sunan garin ba, ana ce masa Garzali mai esi. Esi dai kun sani, na'urar nan mai sanyaya ɗaki. Bawan Allah ne shiru-shiru, daga jakar kayan aikinsa sai tsohon babur. Ku na baya, ku bar hirar nan ku matso, da ku nake.

A garin akwai wani attajiri, Alhaji Maikano, wanda in ya daka tsawa har mai gadi sai ya nemi wurin ɓuya. Ba abin da yake ji da shi kamar mahaifiyarsa, Inna Yalwa, tsohuwar da ta shekara biyu a kwance. Mai jinyarta kuwa wata mata ce, Tabawa, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu uku.

Da bazara ta kunno kai, Alhaji ya sa Garzali ya kafa esi a ɗakin tsohuwa. Ranar Juma'a ce, liman ya kusa hawa mumbari, ga shi Garzali ya manto ma'auninsa a gida, mai ɗigon ruwa a tsakiya, irin wanda magina ke ɗorawa su ga ko abu ya daidaita. Sai ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Ido ba mudu ba, amma ya san kima." Ya ɗaure, ya ruga masallaci. To, ku riƙe wannan.

Bayan wata biyu iska ta fara raguwa, bango ya fara jiƙewa. Ita Inna Yalwa jikinta ba ya son ruwa, taimama take yi, a bangon gefen gadonta take buga tafi. Rannan da azahar ta buga, sai wani abu ya fizge ta. Ta ƙwalla ƙara, ta sume.

Inna lillahi! Gida ya kaure. Bango yana gumi a ɗakin da ba famfo? Wa ke shiga ɗakin nan? Tabawa. Nan take aka ce ruwan asiri take yayyafawa don ta kashe tsohuwa. Alhaji ya sa aka durƙusar da ita a tsakar gida cikin rana, ya aika a kira 'yan sanda. Da tsohuwa ta farfaɗo tana haki saboda zafi, sai ya ce a nemo mai esi maza.

Garzali ya shigo, ya wuce ta gaban Tabawa, tana ta cewa, "Wallahi ban yi ba, Alhaji, ka dubi marayuna." Ya dubi jiƙon bangon. Ya fara kashe wutar gidan, sannan ya hau tsani ya buɗe esin. Ragar da ke tace ƙura ta toshe, bayanta ƙanƙara ta daskare, shi ya sa iska ba ta fita. Wannan mai sauƙi ne, wanki kawai take so. Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya ciro ma'aunin nan ya ɗora.

Jama'a, ɗigon ya gudu gefe.

Esin a karkace yake. Ruwan da ya kamata ya bi tiyo ya zube waje, sai ya riƙa gangarawa ɗaya ɓangaren, ya cika, ya bi bango, ya shiga soket ɗin da ke bayan gado. Wuta ta bi ruwa. Ba aljani, ba asiri. Hannunsa ne.

Yana nan a kan tsani, sai Shaiɗan ya matso kusa da kunnensa. Ku saurara da kyau, ba ƙarya ya ce ya yi ba. Cewa ya yi, "Ka ce raga ce ta toshe. Ai gaskiya ne. Wa ke sharar ɗakin? Tabawa. In sun fita ka miƙar da abinka, wa zai sani?" Kun ji wayon la'ananne? Rabin gaskiya ya miƙo masa.

Alhaji ya daka tsawa daga bakin ƙofa, "Kai! Me ka gani?"

Garzali ya waiga. Ta taga yana hango Tabawa, goshinta a ƙasa. Sai ya tuna ranar da za a ɗaure baki, hannu ya yi magana. Ya ce a ransa, wannan hannun da ya ɗaure esin nan, me zai ce a kaina?

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni buta."

Aka miƙo masa. Ya tsiyaya ruwa a cikin esin, kowa yana kallo. Ko ɗigo bai bi tiyo ba, duk ya sulalo ta bango.

Ya ce, "Ni na kafa shi a karkace. Da ido na auna, ina sauri. Ragar ma ban taɓa gaya wa baiwar Allahn nan ana wanke ta ba. Ba ta da laifi ko ɗaya."

Kuna jira in ce Alhaji ya rungume shi ya ba shi mota, ko? Ina! Mari ya kwaɗa masa har hularsa ta faɗi. 'Yan sandan da aka kira wa Tabawa, shi suka riƙe. Sai Inna Yalwa ta ɗaga murya daga kan gado, ta ce, "Maikano, ka bari ya miƙe abin da ya karkatar tukuna. Kuma a ɗauko mini Tabawa daga ranar nan."

Da kumburarren kunci ya kwance esin, ya daidaita shi, ya wanke raga, ya rufe soket ɗin, ya kafa wa tsohuwa sharaɗin kada ta sake taɓa bangon sai ya bushe. Sannan aka tafi da shi. Kwana uku ya yi a hannunsu, kuma daga ranar manyan gidajen garin suka daina kiransa. Tabawa kuwa ta koma bakin aikinta, marayunta ba su tagayyara ba.

Wani ya tambaye shi, "Garzali, ba ka ji tsoro ba?"

Ya ce, "Na ji mana, har na kusa faɗowa. Tsoro biyu ne suka kama ni a kan tsanin nan. Na bi wanda ya fi girma."

To jama'a, darasin a fili yake: laifin da ka ɓoye ba ɓacewa yake yi ba, kan wani yake sauka, kuma yawanci kan wanda ba shi da gata. Kai magini, kai tela, kai bakanike, kai mai haɗa wuta, duk muna auna wani abu da ido muna sauri. Kuskure ba a kanka aka fara ba. Amma ka tambayi kanka tun kafin a tambaye ka: yau wa ke durƙushe cikin rana a kan abin da kai ka karkatar? In ka san shi, kada ka bari la'asar ta yi ba ka je ka ɗago shi ba.

Allah ya sa mu ji tsoronsa fiye da tsoron mari. Ku ce amin.