Mayafin Kura Mai Huji-Huji

Ga ta nan, ga ta nanku, yaran gidan nan!

Ta zo mu ji ta, Kawu!

Haka ake amsa wa gwani irina, kamar ba ku ci tuwo ba? To, na yafe. Ku matso.

Beguwa ce gwanar ado a daji. Da ƙayar bayanta take huda yadi, ta zagaye kowane huji da zare, har fure ya fito. Ran nan Kura za ta sunan ɗan ƙanwarta, ta kawo farin yadi.

"Ki zuba min furanni a mayafi. In ya yi kyau, na gode. In bai yi ba, na samu kalaci."

Beguwa ta huda, ta ɗinke. Kura ta zo ta ɗaga mayafi, ta hango sama ta ciki.

"Gara ta ci min yadi! Toshe!"

"Yaya Kura, hujin ne furen."

"Toshe, na ce!"

Beguwa ta toshe. Kura ta juya gaba, ta juya baya.

"Ina furena? Kin sace!"

"Yana cikin hujin."

"Ina hujin?"

"Kin ce in toshe."

Kura ta dafe kai. "To, mayar min da furena."

Beguwa ta sake hudawa. Fure ya dawo, huji ya dawo. Kura ta leƙa huji ɗaya, ta shinshina, ta zura harshe.

"Babu komai a ciki! Yaya babu za ta zama fure? Kaina ya ɗaure, kuma in kaina ya ɗaure yunwa nake ji."

Beguwa ta yi maza ta ce, "Yafa shi tukuna, Yaya."

Kura ta yafa. Jikinta ya cike kowane huji, ga fure raɗam.

"Kin gani? Ba huji. Amma ranar da kika cire, zai dawo."

Kura ta rantse ba za ta cire ba. Da shi ta je suna, da shi ta yi rani. Rana ta riƙa bi ta hujin tana ƙona ta. Mayafi ya ruɓe ya zube, tabo ya zauna.

Shi ya sa jikin Kura yake dabbare-dabbare. Har yau tana yawo tana tambayar inda furen ya tafi, ba wanda ya iya yi mata bayani.

Ƙurunƙus! Kan ɓera ne, ba nawa ba.